Kunkunniya a Bindigar Kaka Ardith

Kakanmu Delmar Hruska bai taɓa cin gasar harbi ba, ko sau ɗaya, kuma abin bai taɓa hana shi cin abinci ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran famfunan iska masu jawo wa shanu ruwa a tuddan yashi na Nebraska, aikin da ya saba masa da yin komai sannu a hankali. A filin harbin bayan gari, inda duk Asabar ɗin farkon wata mutane ke sanyo tufafin makiyayan dā su harbi farantan ƙarfe da bindigogi irin na kakanni, kowa da laƙabinsa. Nasa Kunkuru. In ya tsaya zai yi harbi, mai riƙe da agogo yakan ce bari ya je ya sha kofi ya dawo.

Mai harbin gidan ita ce matarsa, Kaka Ardith, 'yar siririya mai kaifin ido da kaifin baki. Doguwar bindigarta irin wadda ake jan mariƙinta ƙasa a mayar ce, ta tofar da kwanson da aka harba ta ɗauki sabon harsashi. Harsashi goma takan zuba wa farantai kafin mutum ya gama gyara hularsa. Kuma duk harsashin da ta harba cikin shekara ashirin da shida, Delmar ne ya ɗura shi da hannunsa a 'yar rumfar da ke bayan gida. Ya wanke kwanso, ya auna albarushi a sikeli, ya ɗora dalma, ya matse bakin kwanson. Ba ta taɓa tambayarsa me ya zuba ba, shi ma bai taɓa gaya mata yadda za ta riƙe bindiga ba.

A hunturun da ta cika sittin da takwas, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a ƙofar coci, ta karye a kafaɗar dama. Ta warke, ta koma fili da bazara. Sai dai ranar farko Delmar ya ga ta ɗan runtse ido lokacin da gindin bindigar ya doki kafaɗarta. A ɓoye ya koma rumfarsa ya rage albarushi kaɗan. Wata na gaba ya ƙara ragewa, na gaba ma haka, har bindigar ta koma kamar tana tari.

Daga nan bindigar ta fara ƙazanta. Kwanson da a dā yake fitowa fes yana ƙyalli, sai ya riƙa fitowa da baƙar kunkunniya a gefe ɗaya. Kunkunniyar ta taru a cikin bindigar, mariƙin ya yi nauyi. A watan Yuni ta cije wa Ardith ana tsakiyar harbi. A watan Agusta ta sake, a gaban mutum talatin, tana ja tana ja abin ya ƙi, har alƙalin fili ya karɓi bindigar daga hannunta.

A mota suna komawa gida ta ce, "Tsoho, ka ji ni da kyau. In ta sake yi mini haka a babbar gasar Oktoba, zan rataye ta a bango. Ba zan zama tsohuwar da ake cewa 'ayya' ba."

"Laifin albarushin ne," in ji shi.

"Ko na wane ne. Na dai faɗa maka."

Ya san ba ta mayar da magana. Ya kuma san abin da bango ke nufi: duk ƙawayenta a filin nan suke, kuma ya ga yadda ta zauna jikin taga wata huɗu lokacin jinya, ba ta ko son kunna rediyo.

Sai ya shiga neman albarushin da zai ƙone tas. Ya gwada iri huɗu. Kullum da hantsi yakan tafi bayan shingen shanu da bindigar da farin hankici, ya harba goma, ya tsince kwansunan ya goga su ɗaya bayan ɗaya. Hankicin ya yi baƙi. Ya sauya dalma, ya sauya man shafa bindiga, ya wargaza ta ya wanke har sau uku a mako guda. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, wato awon da ya rage, domin a ransa wannan ba ya cikin lissafi.

Saura mako uku gasa, ya cika aljihu da baƙaƙen kwansuna ya tafi wajen Wendell Ybarra, tsohon maƙerin da suka yi makaranta tare. Ya tarar da shi yana cin wake da burodin masara. Wendell ya ɗauki kwanso ɗaya ya juya shi a hasken ƙofa.

"Kunkuru, gishiri kake barbaɗawa a ciki ko albarushi?"

"Awo na daidai ne."

"Daidai da wa? Da sauro?" Ya lashe cokali. "Kai da ka yi rayuwarka kan famfo, in fatar cikin famfo ba ta kama bango ba, ina ruwa ke bi?"

"Ta gefe."

"To. Kwanson nan sai ya ji ƙarfi yake kumbura ya toshe hanya. Ka hana shi ƙarfi, hayaƙi ya biyo ta gefe ya koma cikin bindiga. Wutar da ba ta ci sosai ba ai ita ke hayaƙi. Je ka buɗe littafin awon albarushi, mutumina. Na rantse ka sauka ƙasa da inda suka ce a tsaya."

Delmar ya ce, "Kafaɗarta ce."

"Ta ce maka tana ciwo?"

"A'a."

"Ashe kai ke jin ciwon. Ci wake."

Littafin ya gaskata Wendell. Delmar ya koma kan mafi ƙarancin awon da aka rubuta, ya ƙara matse bakin kwanson. Washegari ya harba goma, ya goga da sabon hankici. Hankicin ya ɗan yi toka-toka kawai. Ya harba hamsin, mariƙin na tafiya kamar an shafa masa man shanu. Amma kafaɗarsa ta gaya masa dukan ya dawo. Ya daɗe tsaye jikin shingen. Yana iya zuba mata sababbin harsasan a akwati ya yi gum, kamar yadda ya yi da ragin. Ya ga wancan shirun ne ya kai su nan.

Ya same ta tana yankan kabewa. Ya ajiye hankici biyu a teburin, baƙi da fari, ya faɗa mata komai.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun Afrilu."

"Ai na ji bindigar ta yi laushi. Na ɗauka rowa ce ta kama ka da tsufa." Ta ajiye wuƙar. "Delmar Hruska, 'ya'ya huɗu na haifa maka, biyu likita bai iso ba. Wa ya ce maka ɗan dukan bindiga zai kayar da ni?"

"Na ga kin runtse ido."

"Rana ce ta shige mini ido, sarkin tausayi! Ɗauko harsasan mu gani."

Ko rana ce ko ba rana ba, har yau babu wanda ya sani a gidan. Ta harba goma a bayan shingen, ta murza kafaɗa, ta ce a ba ta wasu goma.

Ranar gasar Oktoba an yi zagaye shida. Delmar bai ma saka sunansa ba. Ya tsaya bayanta da hankici a aljihu, duk zagayen da ta gama sai ya bi ƙasa yana tsintar kwansuna, mutane na tsokanarsa wai Kunkuru ya koma kaza. A zagaye na biyar, inda kullum bindigar ke fara nauyi, ya ƙura wa mariƙin ido. Ardith ta ja mariƙin sau goma, ya tafi sau goma. Ta kuskure faranti biyu a yinin, ta zo ta huɗu cikin mata bakwai, kafaɗarta ta yi shuɗi har kwana biyar. Da suka isa gida ta wuce ƙusar da ke bangon falo ko kallonta ba ta yi ba, ta miƙa masa bindigar ta ce a wanke kafin wata mai zuwa.

Ta ƙara shekara tara tana harbi. Abin da ya sauya kawai shi ne, duk ranar ɗurin harsashi takan jawo kujera ta zauna a ƙofar rumfar da saƙarta, in ya ɗora albarushi a sikeli ta leƙo ta saman tabarau. Hankicin nan biyu suna cikin gwangwanin biskit tare da takardar aurensu. Baƙin ba a taɓa wanke shi ba, Kaka Ardith ce ta hana.