Labo da Hayaƙin Motar Sajo

Kafin ya taɓa ƙarfe, Malam Labo kan sa a tada mota, ya tsaya bayanta yana kallon abin da bututun hayaƙi ke fitarwa, sa'an nan ya zaunar da direba ya yi ta yi masa tambayoyi. Haka ya yi shekara da shekaru a garejinsa na Gazawa, har bana da ido ya gaza.

A ƙasar nan, in mota ta yi baƙin hayaƙi, hukunci a shirye yake: gurɓataccen man gazuwal ne na bakin iyaka. Kowa na faɗa, ba mai dubawa. Hukuncin nan ya kusa cin Sajo, direban motar marasa lafiya ta wani ƙauye kusa da Gangara. Motar ta riƙa tari, tana kasa hawa yashi. Dattawa suka ce yana sayar da mai na kirki yana zuba na kwalba, ranar kasuwa ya kawo makulli.

Sajo ya kawo motar garejin Labo. Labo, jikan maƙera, bai tausaya ma abokin wasansa da baki ba.

"Kai Bafillace, wannan ba saniya ba ce! In ka je ɗaukar mai naƙuda, kana kashe ta?"

"In kashe, Baba? Batir ya mutu. Wa zai tura mani cikin yashi? Sai in bar ta tana aiki har a gama haɗa kaya da sallama."

"Sallamar mutanenku? Ai sai azahar!"

Labo ya ciro bawul ɗin da ke maido wani kaso na hayaƙi cikin inji, wanda ake ce ma EGR. Yawan aiki a tsaye ya tara masa baƙin kunkunniya har ya ƙi rufuwa, injin na shaƙar hayaƙinsa ba ƙaƙƙautawa. Aka ce ya toshe shi da marfin gwangwani kamar yadda kowa ke yi. Ya ƙi. Ya toshe dai na ɗan lokaci don gwaji, tari ya tsaya, ya tabbata nan cutar take. Ya wanke bawul, ya mayar, ya sa aka sake batir.

Bai tsaya nan ba. Ya ƙunshe kunkunniyar a tsumma, ya shiga motar har ƙauyen, ya buɗe gaban dattawa, ya ce ga cutar nan, ba mai ba ne. Man da ke cikin motar ma bai sake shi ba, wanda suke zargi ne ya kawo su ƙauyen.

Labo, kai ne maƙerin da ba ya dukan ƙarfe sai ya san inda ya lanƙwashe. Mun gode, Allah ya ba idonka lafiya. Ku kuma masu gareji da masu hukunci a gindin itace, ku riƙa buɗewa ku duba kafin ku ɗora ma mutum laifi. Makulli na hannun Sajo har yau, kuma matan ƙauyen na isa asibiti.