Baba Mati da Dangin Ƙwari

Kun dai san Baba Mati. Ba ya kashe ƙwaro sai ya san gidansu. Ya tsugunna tsakar hanya, masu moto na ta zagi, ya birkice ƙwaro a tafin hannu: "Kai kuma ɗan wa?"

Ni Ilu, shekarar yunwa na faɗo Madarumfa, ba uwa ba uba, ko sunan garinmu ban riƙe ba. Shi ya ba ni tabarma. A gona ya koya mini: mai ƙaho kamar mafici da ƙafafun haƙa, dangin buzuzu ne. Mai dogon baki, ɓarawon rumbu. Mai siririn wuya da taushin baya, hangara ce, fitsarinta wuta.

A wani gidan suna ya tsinci ƙwaro cikin wake. Kunya ta kama maigida. Baba ya ɗaga shi ya duba.

"Kwantar da hankalinka. Ba na wake ba ne, dubi bakinsa, ɗan dawa ne. Shi ma suna ya zo."

Ya ajiye baƙon gefe, ya cinye waken tas!

Ran da hangara ta sauka a wuyan Tanko mahauci, Baba ya ce, "Hure ta, kar ka mare ta!"

"Ni ƙwaro zai ba tsoro?" Tau! Tanko ya mare ta.

Washegari wuya ya yi bororo. Baba ya je gaisuwa: "Sannu Tanko. Kana yanka bijimai, ga mai siririn wuya ta yanka ka."

Da na nemi auren Habsu, ƙanen ubanta ya ce ba su ba da ɗiya ga wanda ba a san asalinsa ba. Na miƙe. Ban iya roƙo ba. Baba ya damƙe ni, ya juya ni gaban mutane, ya ƙwanƙwasa kaina, ya buɗe tafin hannuna.

"Kai mai tauri, hannun noma, gajeren baki. Na san dangin nan. Namu ne."

"Haba Mati! Mutum ne fa, ba buzuzu ba!"

"A buzuzun ma na taɓa yi muku kuskure?"

Aka kwashe da dariya, aka sa rana.

Ran da muka rufe Baba, buzuzu ya fito daga ƙasar kabarin. Wani ya ɗaga takalmi zai taka shi, na riƙe masa ƙafa.

Ban iya doguwar addu'a ba. Ya Allah, ga Baba nan ya zo. In an tambaye shi ɗan wa, Ka ce naKa ne. Amin.