Kwalin Tsutsar Siliki na Maƙwabciyata

Ƙarfe tara da kwata na safe ta ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Hadayek el-Maadi da ke Masar. Ni da maigidana ne kawai a ɗaki, yana shirin tafiya jami'a. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa Bamisiriya wadda mijinta ya rasu, muna kiranta Hajja. Ta riƙo kwalin takalmi da hannu biyu. Ta ce ƙanwarta ba lafiya a ƙauye, za ta je jinya, in kula mata da abin da ke ciki.

Tsutsotsi ne farare, masu kaurin ɗan yatsa, suna cin ganye. A Masar, in sanyi ya wuce, ana kiwon tsutsar siliki a gida don sha'awa. Ta ba ni umarni, na riƙe shi daki-daki. Ganyen tut za a ba su, wata bishiya da ke bayan gininmu. A goge ganyen, kada ya zo da ruwa. A share kashinsu. A nisanta kwalin da tururuwa. Daga nan ta sauka don kada mota ta wuce ta.

Ni ba baƙuwar irin wannan halitta ba ce. Mahaifiyata a Zariya zaren tsamiya take kaɗawa. Tsutsar tsamiya taro take yi. Suna ci tare a kan bishiya, suna tafiya a jere, in sun ƙoshi sai su haɗu su saƙa gida guda kamar jaka, kowace ta naɗe kanta a ciki. Maza su ciro jakar, mata su dafa ta da ruwan toka, a wanke, a shanya, a kaɗa da mazari. A gidanmu a nan labarin tsutsa yake ƙarewa. Ban taɓa tambayar abin da ke biyo baya ba in an bar ta.

Na yi wa na Hajja hidima yadda ta ce. Suka daina ci, suka hau kusurwar kwali, kowace ta naɗe kanta da zare, wasu fari wasu rawaya. Hajja ba ta dawo ba. Na ce wa maigidana aiki ya nuna, in aka bari zai lalace. Ya ce in kira ta tukuna. Na ce mai jinya ba a damunta da zancen tsutsa. Na ɗora tukunya, na zuba su duka, na yi kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi. Zaren ya fito da laushi da sheƙi, ya fi na tsamiya. Na naɗe shi a tsinke, ina murna.

Da ta dawo na kai mata zaren da kwalin, na share shi tas. Ta leƙa ciki ta daɗe.

"Ko ɗaya ba ki bari ba, 'yata?"

Na ce ko ɗaya. Sai ta zauna ta yi mini bayani, murya ƙasa-ƙasa. In an bar su, wani farin malam-buɗe-littafi ne ke huda zaren ya fito. Ba ya ci, ba ya tashi sama. Mace da namiji su haɗu, ta zuba ƙwai a jikin takarda, su mutu. A adana takardar har ganyen tut ya sake tohowa. Mijinta ne ya fara kiwon, kuma tun rasuwarsa ƙwan bara ne ke ba ta tsutsar bana. Zare bai taɓa damunta ba.

"Ma'alish," ta ce, wato ba komai. "Ba ki sani ba."

Da shekara ta zagayo na sayo mata wasu tsutsotsin a bakin wata makaranta. Ta yi godiya, ta ce idonta ya yi rauni, in kai wa yaran bene na ƙasa. Muna gaisawa har yau, tana aiko mana da abinci a azumi. Da ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi.

Mai karatu, in aka ba ka ajiyar abu mai rai, ka tsayar da mai shi a bakin ƙofa ka tambaye shi me yake so ya tarar in ya dawo. In ya riga ya tafi, ka kira shi.