Kawu da Kunnen Itace

A da kawuna ma'aikacin lambu ne a asibitin garinmu, har ma'aikatan jinya na tsokanarsa da Likitan Bishiya. Ba ya yanke farcen babban yatsansa na dama. Matarsa ta yi mita har ta gaji, shi kuwa ya ce kayan aiki ne.

Akwai wani abu mai tauri da ke tsirowa a gindin bishiya kamar rabin faranti, samansa ruwan ƙasa, ƙasansa fari fat. Kunnen itace Kawu ke ce masa. Iri biyu ne, wa da ƙane, da wuya ido ya raba su. Ɗaya siriri ne, da ka danna farce ɓawonsa zai fashe, kuma yawanci mataccen itace yake ci. Ɗayan mai kauri ne, farce ba ya shigarsa. Shi ne mugun, don bishiya mai rai yake ci ta ciki, ganye kore shar, gindi kuwa ya zama dusa.

A ƙarƙashin babbar bishiyar bakin ƙofar asibitin ne matarsa ke sayar wa masu jinya lemo da ayaba. A nan ma suka fara haɗuwa. Wata safiya yana shara sai ya hango kunnen itace a gindin bishiyar. Ya durƙusa ya danna. Farcen ya tanƙware.

"Kwashe kayanki," ya ce wa matarsa. "Sare ta za a yi."

"Maigida, lafiyarka kuwa? Dubi ganyenta fa!"

"Ni ma ina da ido. Mutane ne ke kwanciya a inuwar nan."

Ya je ya shaida wa shugaban asibitin, aka ba shi izini. Matarsa ta daina yi masa magana, abinci ma sai dai ta dangwarar masa. Bai ba ta haƙuri ba, bai kuma fasa ba. Ranar saran, da hannunsa ya ɗaura wa bishiyar igiya, idonsa jawur.

Da bishiyar ta kwanta, matarsa ta matso ta zura hannu cikin kututturen. Ya shige har gwiwar hannu. Ta daɗe tana kallon wurin da masu jinya ke shimfiɗa tabarma, sannan ta koma ta fere lemo ta miƙa masa.

Ya dasa wata a wurin kafin ya yi ritaya. Matarsa kuwa har yanzu a nan take sana'arta, ƙarƙashin laima, tana yi wa 'yar bishiyar faɗan ba ta saurin girma.