Goggo Habibatu da Jaririn Roba

Goggo Habibatu, yayar mahaifinmu, ita ce ungozomar gidanmu tun muna Zungur. Duk wanda aka haifa a zuri'armu hannunta ya fara taɓa shi, har ni. Ita ke yanke cibiya, ita ke wankan farko, ranar suna kuma ita ake kai wa kan rago da ƙafafu, rabon ungozoma.

Roda 'yar maƙwabtanmu ce, a gaban Goggo ta tashi. Ta yi karatun ungozoma, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Yelwa. Da aka ce ungozomomin gida da na asibiti su taru su koyi hanya ɗaya, ita aka sa koyarwa.

"Yarinyar da na share wa majina?" in ji Goggo. Ta ƙi zuwa.

Sai yayata Zakiyya, mai cikin fari, ta ce a wajen Roda za ta haihu. Asibitin kuwa ba sa barin ungozomar da ba ta yi horon ba ta shiga ɗakin haihuwa. Washegari Goggo ta ɗauki mayafinta, na raka ta.

A wajen horon, jaririn roba aka ba su. Roda ta ce a goge shi, a ɗora a ƙirjin uwa, a ɗan jira kafin a yanke cibiya, wanka sai gobe.

"Goggo, kin yi saurin kai almakashi. Ki sake."

"Abin naku ko kuka ba ya yi."

"Ki sake dai, Goggo."

Ta sake, har Roda ta ce ya yi. A cikin keke muna komawa gida, tafin hannunta kawai take kallo.

Ranar haihuwar an bar ta ta shiga, amma kafaɗun Zakiyya ta riƙe. Roda ce ta karɓi yaron. Shi ne na farko a gidanmu da wani hannu ya riga na Goggo. Da gari ya waye Goggo ta yi masa wanka, ta daɗe tana yi, ta hana kowa matsowa.

Ranar suna Mansir, mijin Zakiyya, ya tsaya tsakar gida da kan rago a faranti, ya rasa inda zai nufa.

"Kai wa Roda," in ji Goggo. "Ita ta karɓa."

Ta bi farantin da ido har ya fita zaure. Sannan ta jawo ni kusa.

"Kin duba cibiyar nan kuwa? Ta bar ta da tsawo."