Lemun tsami a jirgin Bur Sudan

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni yau a jirgin ruwa! Tun fitowarmu daga Bur Sudan jiri ke ɗibana. Wata tsohuwa ta hau da ni saman jirgi, ta ba ni lemun tsami.

Ta ce, "Sansana, 'yata, ki kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama."

Jirin ya lafa. Fararen gidajen Jidda suka bayyana kamar suna yawo a kan teku. Tsohuwar ta ƙura wa tsagar fuskata ido.

"'Yar wa ce ke?"

Na ce, "Mahaifiyata ita ce Hauwa 'yar Malam Sule."

Ta ce, "Ai Hauwa ƙanwata ce. Daga nemanta nake a Sudan, ban same ta ba. Yalla, mu tafi, ɗauko kayanki, gidanmu na unguwar Hindawiyya."