Kalmomin da Na Kashe a Lanham

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna, muka nufi Abuja in hau jirgi. Abu ɗaya ne ya ɗaga ni zuwa Amurka: jikata 'yar shekara goma sha huɗu, wadda Hausa ba ta zauna a bakinta ba. A waya, daga "Sannu Kaka" sai ta miƙa wa uwarta. Na ce ni da na tsufa ina koyar da Turanci a sakandare, in mun haɗu ai hira za ta ɓarke.

'Yata, wadda nas ce a can, ta ɗauko ni zuwa garin Lanham, inda suke zaune. Titi ga faɗi ga cunkoso, amma ba mai danna oda. Washegari a shagon kayan Afirka na Hyattsville na ga kuɗin doya, na ajiye ta a hankali kada ta ƙuje a ce in biya.

Ashe doya wasa ce. Na tuƙa tuwo da miyar kuka, yarinya ta ci ta ce "bussin". Uwar ta ce yabo ne, wai ya yi daɗi. In yunwa ta sa ta fushi, sai ta ce "hangry" take, sun ɗinke kalmar yunwa da ta fushi wuri guda. Mai burin abin da ba zai samu ba kuma "delulu". Jama'a, riƙe baki na yi! Da ɗalibina ne ya rubuta wannan, da jan birona ya ƙare a takardarsa.

Na haɗiye malantata na shiga koyo. Ranar da muka hau jirgin ƙasa zuwa gidajen tarihi na Washington, muka ci gasasshiyar kaza a bakin titi, na dube ta na ce "bussin". Ta rufe fuska, ta ce da Turanci, "Kaka, don Allah! Kin kashe ta." Wai dokarsu ke nan: kalmar da babba ya furta ta mutu, sai a ƙirƙiro wata. Kafin mako ya ƙare na kashe ragowar. Kwanakina suna tafiya, hira ba ta ƙaru ba, abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ina wanke shinkafa wata rana na tuna mu ma mun yi namu: zaurance, inda ake yanka kalmar Hausa a cusa mata wasu gaɓoɓi don kada manya su gane. Na juya ga 'yata na ce, "Zodo mudu cidi nadamada," wato zo mu ci nama. Ta ƙyalƙyale da dariya ta mayar mini, muka yi ta zubawa. Jikata ta kara mana wayarta ta fassara, waya ta kasa. Ido waje ta ce, "Kaka, koya mini!" Na ce sai ta iya Hausa tukuna, don ita ake yankawa. Ragowar kwanakina tana manne da ni a kicin, tana tambayar sunan ludayi da muciya.

Na dawo Kaduna da darasi: yaran nan ba lalata harshe suke ba, ɗaki suke ginawa su rufe ƙofa, kuma ba a shiga da ƙarfi. Ko akwati ban kwance ba waya ta yi ƙara, ashe jikata ce. "Kadakada, kidin idisada ladafidiyada?" Na ce lafiya lau na iso. Sai ta rage murya, cikin Hausarta mai tangal-tangal ta ce, "Kada mu koya wa Baba. Manya suna kashe abu."

Ni da furfurata, yarinyar nan ta cire ni daga cikin manya.